Tsaya Tukuna, Wa Ya Yi?

Ina da wata cuta da na daɗe ina ɓoyewa a ƙarƙashin babbar riga: ba na iya sanin ko abu mai kyau ne ko mummuna sai an faɗa min wanda ya yi shi. Ka zo min da labari cewa an rushe kasuwa, ko an ƙara kuɗin makaranta, ko an ciwo bashin biliyoyi, za ka ga na yi shiru, na gyara zaman hula, na ɗan runtse ido. Mutane suna ɗauka nazari nake yi. Wallahi ba wani nazari. Jira nake ka ambaci suna. In na ji ɗan jam'iyyarmu ne, sai in ce ai gyara ne, kuma gyara dole ya zo da zafi. In na ji na wancan ɓangaren ne, kafin ka rufe baki na ja salati, na fara lissafa marayu da zawarawan da aka zalunta.

Abin dariyar shi ne a unguwarmu sunan mai aƙida gare ni. In ana zancen 'yan siyasar shan jar miya, ni ake nunawa a ce ga wanda bai taɓa sauya sheƙa ba, ni kuma in sunkuyar da kai irin na masu tawali'u, raina fes. Tun 2003 nake bayan marigayi Janar Muhammadu Buhari, Allah ya jiƙansa. Yana ANPP na dangwala wa masara. Ya koma CPC a 2010 na dangwala wa alƙalami. Aka yi haɗaka a 2013 na ɗauki tsintsiya. Jam'iyya uku ke nan, amma a lissafina ni ban motsa ba, jam'iyyun ne suka yi ta wucewa ta ƙarƙashin ƙafata. Kalmarmu ɗaya ce, sak, daga sama har ƙasa. Masu cewa a duba cancanta, su zaɓi shugaban ƙasa a nan gwamna a can, waɗanda ake kira 'yan wake da shinkafa, kallon munafukai nake yi musu.

Sai dai duk wanda ya yi siyasar sak a Kano ya san wuyan mutum yana shan juyi. Ɗauki Malam Ibrahim Shekarau. A 2003 da ya kayar da gwamna mai ci, ni na fi kowa murna, na ce yau mulki ya dawo hannun malamai. A 2011 ya fito takarar shugaban ƙasa a ANPP, ya raba wa Janar ƙuri'a, sai na gano ashe tun asali ban taɓa yarda da shi ba. A 2013 haɗaka ta mayar da shi gidanmu, na ce ai ɗan'uwa ɗan'uwa ne. A farkon 2014 ya tafi PDP har Jonathan ya ba shi ministan ilimi, na ce kun gani ko, ba na faɗa muku ba? A 2018 ya dawo APC, na dangwala masa sanatan Kano ta Tsakiya da hannuna, ina cewa dattijo ne. Duk wannan juyin, mutumin bai canza hali ko murya ba. Yadda yake jan magana a hankali a 2003 haka yake ja har yau. Ni ne kawai nake kwana da ra'ayi ɗaya in tashi da wani, gwargwadon inda rediyo ta ce ya kwana.

Na Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ya fi muni, don shi har da siminti da ƙarfe a ciki. Da aka fara aikin gadar sama ta Ƙofar Nasarawa a zangonsa na biyu, yana PDP, ni ne mai bayani a majalisa cewa ɓarnar dukiya ce, talaka ba gada zai ci ba. Na yi ta mita kan yadda ake rubuta Kwankwasiyya a rufin ajujuwan makaranta, na ce kuɗin gidansu ne? A watan Nuwamba na 2013 ya shigo APC tare da wasu gwamnoni huɗu. Kafin wata ya zagayo gadar nan ta yi kyau a idona. Baƙo ya zo daga Gusau ko Azare, sai na ɗauke shi a bayan babur mun hau mun sauko, ina nuna masa fitilu, kai ka ce da kuɗina aka saya. Har jar hula na saya, ina cewa ai ado ce, ta dace da farar shadda. A watan Yuli na 2018 ya koma PDP, sai na fara lura gadar ta cika kwana, kuma ba a yi mata magudanar ruwa yadda ya kamata ba. Ni da ko bulo ban taɓa ɗorawa a kan bulo ba. Hular kuwa na tura ta can ƙarshen durowa. Yanzu mai ɗakina ce ke ajiye maɓallai da zare a cikinta, kuma duk lokacin da ta ɗauko ta za ta yi ɗinki sai ta tambaye ni, fuska ba dariya, ko Malam zai buƙaci hularsa a kakar bana.

Wannan duk wasa ne a kan maganar fetur. Ranar 1 ga Janairu, 2012, gwamnatin Jonathan ta cire tallafi, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141. Na fita. Ba labari aka ba ni ba, da ƙafata na je shataletalen Silver Jubilee inda matasa suka yi dandazo, na ɗaga kwali, na yi ihu har muryata ta dishe. Na haddace hujjoji: ƙasa mai arzikin mai ba ta da dalilin sayar wa 'ya'yanta da tsada, a gyara matatun Kaduna da Warri da Fatakwal tukuna, a kama ɓarayin tallafin maimakon a hukunta mai tura baro. Da gwamnan Babban Banki na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya fito yana kare cirewar da alƙaluma, na ce boko ya yi masa yawa. Aka yi yajin aiki, gwamnati ta sauko zuwa 97, na koma gida ina jin kaina cikin jerin 'yan gwagwarmaya.

A watan Mayu na 2016, namu ne a kan kujera, lita ta tashi daga naira 86 da sulai biyar zuwa 145. Ka lura, ta wuce farashin da na dishe a kansa da naira huɗu. Na shiga majalisa da yamma, ana jira a ji ta bakin ɗan gwagwarmaya. Na karɓi shayi, na kurɓa, na ce jama'a a yi haƙuri, tallafin nan fa ba talaka yake amfana ba, 'yan kasuwar mai ne da masu fasa-ƙwauri zuwa Nijar da Kamaru. Hujjojin da na zagi Sanusi a kansu su na kwaso ɗaya bayan ɗaya, ban rage ko wasali ba. Akwai wani tela a majalisarmu, ba ya jam'iyya, ba ya kuma mantuwa, wanda shi ne babban aibinsa. Ya ɗago kai daga wuyan rigar da yake yi wa aiki ya ce, “Malam, to kwalin nan naka yana nan, ko a rubuta maka sabo?” Aka kwashe da dariya. Na ce masa yanayi ya bambanta. Ya ce me ya bambanta? Na ce niyya. Wancan ya ƙara don ya ci, wannan ya ƙara don ya gyara. Ya ce to shi mai gidan mai, da niyya ake biyansa ko da kuɗi?

Ranar 29 ga Mayu, 2023 kuwa, da sabon shugaba ya sanar a jawabin rantsuwa cewa tallafi ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta haura 1,000, ban ce a yi haƙuri ba, ban kuma ce a fito ba. Jingine babur na yi na koma hawa ɗan sahu, in direba ya fara zagin gwamnati in duƙufa a kan waya. Da matasa suka fito zanga-zangar yunwa a farkon Agusta na 2024, ina ɗaki ina yi wa 'ya'yana wa'azin illar fitina.

Akwai inda abin ya daina ba ni dariya. A watan Afrilu na 2014 da aka sace 'yan mata 276 a Chibok, na ce shugaban da ba zai iya tsare 'ya'yan mutane a makaranta ba ya sauka, kuma har zuciyata nake faɗa. A watan Disamba na 2020 aka kwashe yara sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, a jihar shugaban ƙasa, a ranar da shi kansa ya sauka Daura. Abin da ya fara fita daga bakina shi ne zagon ƙasa ake yi wa Baba Buhari. Ina da ɗa sa'an yaran nan, a makarantar kwana yake a lokacin. Daren ban yi barci ba, na kira malamin ɗakinsu har ya gaji da ni. Amma da gari ya waye na fita, bakina ya ci gaba da aikin da ya saba. Zuciyata tana tare da iyayen Ƙanƙara, harshena yana tare da jam'iyya, kuma harshen mutane suka ji. Ba wanda ya ba ni ko sisi. Sojojin baka da ake ji a shirye-shiryen siyasa na rediyo da daddare, su aƙalla ana sallamarsu. Ni kyauta nake yi, fisabilillahi, ko kansilan mazaɓarmu bai san sunana ba.

Na sha tambayar kaina daga ina na kwaso wannan hali, kuma amsar da ta fi yi min daɗi ita ce gado. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ɗan NEPU ne tun yana saurayi, jam'iyyar da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950. Da PRP ta dare gida biyu a farkon shekarun 1980, gwamnoninta biyu, Abubakar Rimi na Kano da Balarabe Musa na Kaduna, suka zama 'yan Santsi, shi ya tsaya a Taɓo tare da Malam Aminu Kano, bai gusa ba har Malam ya rasu a watan Afrilu na 1983. A gidanmu an tashe mu a kan cewa babu zagin da ya kai butulu. Don haka in na kare abin da ba ya karuwa, sai in ce amana nake riƙewa, halin Baba ne.

Ƙarya nake yi wa mamaci. 'Yan NEPU sun sha ɗauri da bulala a kotunan alƙalai da gidajen yarin En'e saboda abubuwan da za ka iya lissafawa da yatsu: harajin da ake tatsa, aikin tilas a gonakin masu sarauta, ikon hakimi ya kama talaka ba tare da tambaya ba. In ka tambayi mahaifina me ya sa yake bin Malam, zai faɗa maka abin da Malam ya tsaya a kai. In ka tambaye ni me APC ta tsaya a kai wanda PDP ba ta tsaya a kai ba, zan ce maka gaskiya da riƙon amana, sannan in yi addu'a kada ka ce in kawo misali. Ban taɓa ganin kundin manufofin jam'iyyar da na yi shekaru ina ɓata zumunci a kanta ba, balle in karanta. Ko Rimin da aka tashe mu muna yi wa kallon wanda ya zame, da zai bar PRP ya koma NPP a 1983 sai da ya ajiye kujerar gwamna, mataimakinsa Abdu Dawakin Tofa ya ƙarasa. Yau gwamna na tafiya da kujerarsa da 'yan majalisarsa da tabarmin ofishin jam'iyya, mu kuma mu je filin wasa tarbarsa.

Ina da wani uzurin na 'yan boko, shi nake fitarwa in na haɗu da masu karatu. Tsarin mulkin 1999 bai ba ɗan takara mai zaman kansa dama ba, dole sai jam'iyya ta tsayar da kai. Takardar ƙuri'a ma ba sunan mutum a jikinta, tambarin jam'iyyu ne a jere, lema da tsintsiya da sauransu. A 2007 har Kotun Ƙoli ta ba Rotimi Amaechi kujerar gwamnan Ribas alhali ba shi aka tallata a ranar zaɓe ba, bisa hujjar cewa shi ne halastaccen ɗan takarar jam'iyyar da ta ci. To in doka ta ce jam'iyya ake zaɓa, laifina ne? Uzurin yana da kyau a baki. Matsalarsa ɗaya: dokar ta tilasta min dangwala wa tambari rana ɗaya a shekara huɗu, ba ta ce in kwana ina kare tsadar shinkafa ba bayan rufe iyakoki a watan Agusta na 2019. Wannan ni na ƙara da kaina, nafila ce.

Gaskiyar da ba ta da ado ita ce tsoro. Ina tsoron bencin majalisa. Ina tsoron ranar da zan ce wannan abu da namu ya yi zalunci ne, a yi tsit, wani ya ce, “A'a, Malam, kai ma an gan ka ke nan?” Ina tsoron tela ya ce ashe dai. Na gina suna a kan ba na juyawa, har sunan ya fi ƙarfina. Kuma akwai daɗi a cikin taro, kada wanda ya ruɗe ka. Ranar da aka sanar Janar ya samu ƙuri'a sama da miliyan 1.9 a Kano a 2015, na rungumi mutanen da ban sani ba a titi, muna kuka. Mutum ba ya son ya koma ya ce wa wannan daren, ka yi haƙuri, akwai gyara a lissafinmu.

Wanda ya fi kowa biyan kuɗin wannan cuta tawa shi ne ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, mai shago a Kantin Kwari, jar hula har cikin ɓargo. A zaɓen gwamna na Maris 2019, ɗan takararsu yana kan gaba aka ce zaɓe bai kammala ba, aka sake a wasu akwatuna, ciki har da mazaɓar Gama. Ya je ya dawo da yamma rigarsa a yage, ya shigo gidan mahaifiyarmu ya same ni ina cin tuwo. Ya ce, “Yaya, don Allah kai da bakinka, abin da aka yi yau zaɓe ne?” Na san amsar, shi ma ya san na sani. Na side hannu na ce ai kowace jam'iyya tana da 'yan jagaliyarta, kuma in yana da ƙorafi kotu a buɗe take. Bai ce komai ba, ya ɗauki takalminsa. Daga ranar muka koma gaisuwar maƙwabta, ina kwana, lafiya lau. Aka yi azumi, aka yi salla, haka.

Hajiya ce ta gaji ta tara mu. Ba ta yi dogon wa'azi ba. Ta ce, “Ku faɗa min, cikin mutanen nan da kuke gaba a kansu, wanne ne ya zo ta'aziyyar mahaifinku?” Muka yi shiru. Ta ce ita dai ta san gwamnan da nake bi da Kwankwason da yake bi tare suka yi mulki har sau biyu, ɗaya gwamna ɗaya mataimaki, kuma in gobe suka ga dama za su zauna a kujera ɗaya a ɗaurin auren 'ya'yansu, a ɗauke su hoto suna dariya. Ƙanena ya ce, “Hajiya, ni ba gaba nake da Yaya ba, so nake sau ɗaya ya ce baƙi baƙi ne.” Na buɗe baki, wallahi da niyyar in faɗa. Abin da ya fito shi ne, “Ai ku ma a 2014…” Hajiya ta jefe ni da mafici.

Sau ɗaya cutar ta rasa inda za ta dafa, lokacin canjin kuɗi a farkon 2023. Shugaban ƙasa namu, shi ya amince da sauya takardun naira. Gwamnonin da suka kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli, na Kaduna da Kogi da Zamfara a sahun gaba, su ma namu. Gwamnanmu na Kano yana sukar tsarin a fili, shi ma namu. Na tsaya a layin banki tun asuba, rana ta take, mutumin da ke bayana ya tambaye ni ra'ayina. Na laluba na rasa, don duk wanda na zaga ɗan gida ne. A karon farko cikin shekaru na ji dole in duba abin da kansa: tsohuwa a gabana da kuɗinta a asusu ba ta da na sayen magani. Kaina ya yi ta ciwo har dare. Ashe tunani aiki ne, shi ya sa na daɗe da ba da kwangilarsa.

Bayan rasuwar Janar a watan Yuli na 2025 na ce to, yanzu ba ni da wanda zan ɓuya a bayansa, bari in nemi magani. Na kira babbar 'yata, wadda ke jami'a, na ce kullum bayan sallar isha'i ta karanta min labari ɗaya daga waya, amma ta ɓoye sunan mutum da jiha da jam'iyya, in yanke hukunci tukuna. Ta ce, “Baba, ka tabbata?” Na ce ke dai karanta.

Daren farko ta karanta cewa wani gwamna ya naɗa masu ba shi shawara rututu alhali 'yan fansho na bin bashi. Gumi ya karyo min. Na ce arewa ne ko kudu? Ta ce ba a tambaya. Na ce to aƙalla hularsa wace iri ce? Uwarta daga kicin ta ce a bar shi ya ci jarrabawarsa shi kaɗai. Na yi ta maza na ce wannan rashin tausayi ne, almubazzaranci ne, kuma duk mai yin haka bai cancanci a sake zaɓensa ba. Na ji wani sanyi a ƙirjina, na ce ashe haka masu 'yanci suke ji. Sai ta faɗi sunan. Namu ne.

Na ce ta sake karantawa a hankali. Ta sake. Na ce wace jarida ce ma? Ta faɗa. Na ce ai ka ji, waɗannan an san wanda suke yi wa aiki. Sannan masu ba da shawarar nan, in ka duba, su ma magidanta ne, kowanne yana ciyar da mutum goma, wani nau'in rage talauci ne. Bashin fanshon kuwa a bincika, ƙila gadonsa ya yi daga gwamnatin baya. Ta ce, “Baba, gwamnatin bayan ma taku ce.” Na ce dare ya yi, ta je ta kwanta, gobe tana da lacca.